Ranar da Makara Ta Je Kallon Kokawa

A Tudun Bagaruwa, can ƙasar Kurawa, babu wanda ya taɓa ganin Abdulgani ya yi wa ko akuya allura, amma Dakta ake ce masa. Sunan ya samo asali ne tun lokacin rigakafin shan inna, da aka ɗauke shi aikin rataya akwatin ƙanƙarar da ake sa magani. Aikinsa ya bi bayan ma'aikata, in sun tsaya ya tsaya. Wata rana aka tafi da shi Sakkwato taron bita, ya zauna bakin ƙofa yana gadin akwati, kunnensa na tsintar abin da ya faɗo ta taga. Ya dawo gida da usur, da farar riga mai aljihu uku da wani ya manta a mota, da kuma ilimin da har yau garin bai gama farfaɗowa daga gare shi ba.

A shekarar da nake ba ku labari damina ta yi kyau, gero ya cika rumbuna, hanya kuma ta ɗan lafa. An jima rabon da a buga gangar kokawa a garin, tun da 'yan bindiga suka sa ko taron suna sai an yi shi ido ɗaya na kan hanya. Sai Maigari ya ce a gayyato 'yan kokawar Turba a yi irin ta da, ko mutane sa tuna ana taruwa ba don jana'iza ba. Hukuma ta yarda, da sharaɗin a yi tanadin lafiya daidai da taron.

Maigari bai gama faɗin sharaɗin a fada ba Abdulgani ya miƙe, ya gyara wuyan farar riga.

"Ranka shi daɗe, wanga aiki ai ya san mai shi."

Maigari ya dudduba ko wani zai miƙe. Babu wanda ya miƙe. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Abdulgani, abu guda nika so. A taru lahiya, a watse lahiya, ko ƙwarzane kada in ji. In ka yi man hakanga, ni kau in naɗa ma rawani. Sarkin Lahiya."

Wataƙila Maigari ya faɗa ne don mutumin ya zauna. Amma maganar ta taɓa Abdulgani a inda ya daɗe yana masa ciwo. Sa'o'insa duk sun sami sarauta. Akwai Sarkin Noma, akwai Sarkin Pawa, har mai riƙe da makullin famfon burtsatse an ce da shi Sarkin Ruwa, shi kuwa yana nan da sunan da yara ke kira suna ƙunshe dariya. Ranar kasuwar Sabon Birni ya je ya sayo farin rawani, dogo, ya ninke ya sa a jakarsa, don kada ranar naɗi a tsaya neman ƙyalle.

Matarsa Hajo tana tankaɗe a tsakar gida ya warware mata shi.

"Malam, mi na wanga? Wa yar rasu?"

"Rawani na, Hajo. Ki hwara koyon yadda aka gaida sarakai."

"To, Allah shi ja zamanin Sarki. Ruwa ya ƙare ga randa."

Bai kula ta ba. Ya jawo turmi ya zauna, ya shiga koya mata abin da ya tsinta ta taga. Taro, in ji shi, mataki uku ne. Ƙarami na suna da walima, mutum ɗaya da akwatin magani sun isa. Na tsakiya na kasuwa da wasan ƙwallo. Babba kuwa shi ne irin wanda ake yi wa alhazai a Arafa.

"To kokowa wane mataki ta?"

"Babba."

"Mutum nawa za su zo?"

"Rai ba a ƙidaya shi, Hajo."

"Ni dai tun ina ɗiya nika ganin kokowa garin ga. Baba Illo mai ɗori da tabarmatai da ƙwaryar ruwa, su ɗai na asibitin hili. Ban taɓa jin an rasa kowa ba."

"Sa'a kunka yi ta ci. Ni ba ni aiki da sa'a."

Washegari ya je ɗakin shan magani na gunduma, wurin Malama Zulaihatu, jami'ar lafiyar da ke duba ƙauyukan yankin. Ta yi masa tambayoyi irin nasu na aiki: yawan jama'a, irin wasan, da nisan filin da asibiti. Sannan ta ce ita za ta zo da akwatinta ta zauna a inuwa, a tanadi ruwan sha mai yawa, a bar Baba Illo kusa saboda targaɗe, a kuma ajiye mota ɗaya a bakin fili ko da ta-kwana.

Abdulgani ya yi murmushin tausayi.

"Malama, mota guda? In mutum arba'in sunka hwaɗi lokaci guda hwa?"

"Malam Abdulgani, kokowa ta. Biyu-biyu aka yin ta."

"Kin gani? Nan karatunku yat tsaya. Ki huta abinki, wanga ya wuce matakinki."

Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta kira mai jiran layi na gaba.

Daga nan shiri ya kankama. Ya kafa rumfar zana a arewacin fili, ya ce ita ce asibiti. A bayanta ya sa aka haƙa rami mai zurfi na zubar da allurai, ko da yake allura ko ɗaya ba shi da ita. Ya tattaro bandeji daga shagunan magani. Baba Illo kuwa, da ya zo da tabarmarsa zai shimfiɗa inda ya saba tun zamanin mahaifin Maigari, Abdulgani ya nuna masa wata tsamiya can nesa, inda ko ganga da ƙyar ake ji. Tsohon ya naɗe tabarmarsa ya tafi.

Saura gadon ɗaukar marar lafiya. An nema ko'ina babu. Abdulgani ya yi tunani, ya ga ai garin yana da abin ɗaukar mutum, mai ƙwari kuwa, yana jingine a bayan masallaci ba ya aikin komai. Ya tafi wurin ladan aron makara.

Ladan ya ce, "In anka yi rasuwa ranar hwa?"

"Ranar da nika aiki ba a rasuwa."

Ladan ya ba shi. Abdulgani ya zare farin zanen gadon Hajo daga igiyar shanya ya shimfiɗa a kai, ya ja da baya ya duba, ya ga ta koma gadon asibiti sak. Masu ɗauka ma bai yi kasada ba. Ya zaɓo dattawa huɗu ƙwararru, waɗanda babu wanda aka kai makwanci a garin ba da kafaɗarsu ba.

Sai kuma babban shirin, wanda ya ɓoye wa kowa, har Maigari da 'yan sa-kai masu gadin gari, don ya zama abin mamaki. Ya tara 'yan kabu-kabu goma sha wani abu, ya ce su ne rundunar gaggawa. Kowane babur mutum uku: direba, mai riƙe marar lafiya, da mai riƙe sandar rataya ƙarin ruwa. Ya raba musu takunkumin rufe baki da hanci da ya rage tun zamanin korona. Sandunan kuwa, dogaye, ya nannaɗe su da baƙar leda saboda ƙura, ya ɗaura musu igiya ta ratayawa a kafaɗa. Ya ce su laɓe bayan tudun yamma, wajen daji, kada ganinsu ya tsorata jama'a. In sun ji usur ɗinsa mai tsawo, su fito a jere, da gudu.

Shugabansu Hafizullahi ya dubi sandar da ke kafaɗarsa, ya dubi 'yan uwansa da fuskoki a rufe, ya sosa ƙeya.

"Dakta, ba ka ganin mun yi kama da..."

"Kai na likita ko ni?"

"Kai na."

"To ja takunkumi bisa hanci."

Ranar kokawa fili ya cika tun kafin la'asar. Ga mutanen Turba da zakaransu Kamalu, ƙato mai wuya kamar turmi. Ga na Gatawa, ga Fulani daga rugage da sandunansu, har da baƙi daga ƙetaren iyaka. Masu fura da masu ƙosai suka kewaye wurin. Da makaɗa suka saki gangar farko, wallahi sai da wasu tsofaffi suka share ƙwalla, don sun ɗauka ba za su sake jin ta a garin ba. Maigari yana kan kujera yana ta gyaɗa kai.

Matsala ɗaya ce: babu wanda ya ji ciwo. A kama, a kayar, wanda aka kayar ya tashi ya karkaɗe wando ya koma cikin 'yan uwansa. Abdulgani yana tsaye bakin rumfa da farar riga da jaka a rataye, yana kallon wannan lafiya da ta yi wa jama'a katutu, ransa na ɓaci. In aka tashi haka, wa zai san an yi babban mataki? Sai a ce Allah ne ya kiyaye, a manta da shi.

Ya ga zama bai kama shi ba, ya shiga cikin taro neman ciwo da kansa. Ya sami wani mai kaushi a dunduniya ya naɗe masa ƙafa biyu. Ya kama hannun babban makaɗi, ya ga kanta, ya naɗe shi har wuyan hannu, ganga ta koma fitar da sauti kamar ana dukan katifa. Ya tsaya kan wani dattijon Bafulatani da tabo a haƙarƙari.

Dattijon ya ce, "Wanga na sharo na, tun ina saurayi."

"Shi na matsalar. An bar shi ba kulawa."

Kafin a zo wasan manya, bandeji ya ƙare ƙaf, kuma mutum ɗaya cikin kowane gungu yana zaune da farin ƙulli a jiki yana yi wa maƙwabcinsa bayanin cewa shi lafiyarsa lau.

Aka zo karon da kowa ke jira, Kamalu na Turba da Nura zakaran gida. Suka daɗe suna zagaye, suka sarƙe, ƙura ta tashi, can sai Nura ya sa masa ƙafa ya kai shi ƙasa rigingine. Fili ya ɗauki ihu. Kamalu ya ɗan kwanta yana kallon sama, irin kwanciyar da zakara kan yi kafin ya san da wace fuska zai dubi mutanensa. Abin da Abdulgani ke jira ke nan.

"Kak ka motsa! Wuya na!"

Kafin Kamalu ya gane wane ne wannan, dattawa huɗu sun mirgina shi kan makara da gwanintar da ba a koya a rana ɗaya. Abdulgani ya ɗaure shi tamau da igiya, ƙirji da ƙugu, don ya ji ta taga cewa mai ciwon wuya ba a barinsa ya motsa. Ya sa masa takunkumi biyu a baki saboda ƙura. Rana kuma tana dukan fuskarsa, sai ya ja farin zanen ya rufe shi har kai.

"Ku ɗauka! Asibiti!"

Suka ɗauka. Da makara ta hau kafaɗa, na gaba ya ce, "La'ilaha illallahu," a hankali, sauran suka amsa. Ba da gangan suka yi ba. Ƙafafunsu kuma suka juya gabas, don hanya ɗaya suka sani in wannan nauyi yana kafaɗa, kuma ba ta rumfa ba ce.

"Arewa! Rumhwa tana arewa!" Abdulgani yana bin su yana jan rigar na baya.

Ganga ta tsaya. Maza suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, don a ƙasar nan namiji ba ya ganin makara a kafaɗa ya ci gaba da zama. Suka bi baya suna salati. Wasu suka shiga karɓar kafaɗa don neman lada, har dattawan Abdulgani suka koma 'yan rakiya. Liman ya miƙe yana tambayar ko an yi wanka. Zanen yana ta motsi, ana jin gurnani daga ciki, amma wani ya ce iska ce, aka yarda. Mutanen Turba suka tsaya cirko-cirko, wasu sun fara naɗe hannun riga suna neman Nura.

Inna Maryamu, uwar Kamalu, ta biyo ɗanta tun daga Turba da kaskon ƙosai, tana suya a gefen fili. Ta ɗago kai ta ga makara ta nufi maƙabarta, ta ga ƙafar da ta leƙo daga ƙarƙashin zane da layar da ita da kanta ta ɗaura. Ta ƙwalla ƙara ɗaya ta zube a sume.

Abdulgani ya waiwaya ya gan ta a ƙasa, sai farin ciki ya cika shi. Ga marar lafiya ta gaske, wadda ba shi ya nemo ta ba, a gaban Maigari, a gaban baƙi. Yayyafa ruwa kawai take bukata, wata mai fura ma ta riga ta ɗebo. Amma ba don yayyafa ruwa ya sayi rawani ba. Ya cika ƙirji da iska ya busa usur mai tsawo.

Daga bayan tudun yamma aka fara jin rugugi. Sai ga ƙura. Sai ga babura a jere, uku-uku a kan kowanne, fuskoki a rufe, dogayen abubuwa baƙaƙe a kafaɗa, sun nufo fili da gudu.

Kada ku yi wa mutanen nan dariya da yawa. Babu gida a wurin da bai san abin da wannan jeri yake nufi ba, wasu ma da shi suka rabu da 'yan uwansu. Babu wanda ya tsaya tambaya. Fili ya watse a lokaci guda. Kasko ya kife, fura ta malale, makaɗi ya bar ganga, mai kaushi ya manta an naɗe masa ƙafafu. Inna Maryamu ta farfaɗo ba tare da ruwan ba, ta wuce mai furar. Dogarai suka sunkuci Maigari da kujerarsa. Wani ɗan sa-kai ya ɗaga bindigar toka ya harba sama, sannan shi ma ya bi sahu.

Hafizullahi da mutanensa suka ga gari guda yana gudu, suka kuma ji harbi. Su ma 'yan ƙasar ne, lissafinsu bai ɗauki lokaci ba: 'yan bindiga suna bayansu. Suka murɗa mai har ƙarshe, suka bi jama'a. Jama'a suka waiwaya suka ga an ƙara wuta, su ma suka ƙara.

Masu makara suka dire ta a tsakiyar hanya, karo na farko a tarihin garin. Kamalu ya ji harbi, ya ji an bar shi. Igiyar Abdulgani ba ta kwance ba, amma ba a banza ake ce masa zakara ba. Ya yunƙura ya miƙe tsaye da makarar a bayansa, farin zane a ka, ya zuba a guje bai ga gabansa ba. Waɗanda suka waiwaya suka ga gawa ta tashi ta biyo su, sai suka manta da babura.

Abdulgani kaɗai ya ruga ta inda ba a ruga ba, yana ɗaga hannu biyu.

"Ku tsaya! Mutanena na! Ni nik kira su!"

Wani da ke wucewa da takalmi a hannu ya ce, "Ashe!" bai rage gudu ba.

Ya ja da baya don ya hau wani abu a gan shi, ya manta abin da ya sa aka haƙa a bayan rumfa. Ramin allurai ya karɓe shi gaba ɗaya. Ƙafarsa ta dama ta yi wata ƙara, ya saki ihun da babu mai lokacin saurare.

Abin da ya kawo ƙarshen gudun shi ne babura sun fi ƙafa sauri. Rundunar gaggawa ta riga kowa shiga gari, ta watsar da babura, ta faɗa masallaci ta shige ƙarƙashin tabarmi. Da jama'a suka iso neman mafaka, suka tarar da maharan sun riga su ɓuya suna karkarwa. Ladan ya yi ta maza ya fizge takunkumin na kusa, sai ga Hafizullahi, wanda ya kai shi kasuwa shekaranjiya. Aka warware baƙar leda, sai ga sandar dogon yaro.

Baba Illo bai gudu ba, don ƙafafunsa sun daɗe da barin wannan aiki. Yana zaune gindin tsamiyarsa sai ga mutane suna dawowa, mai ɗingishi, mai riƙe da kafaɗa, mai goshi a kumbure. Ya yi tsaki ya jawo ƙwaryar ruwa. Wani ya hau tudu inda waya ke kamawa ya kira Malama Zulaihatu, ta iso da akwatinta da motar nan guda ɗaya, ta tambayi inda bandeji yake, aka nuna mata hannun makaɗi. Allah ya rufa asiri babu wanda ya rasa rai. An kwance Kamalu a bakin rijiya, sai da mutum shida suka riƙe shi, don ya rantse yau sai ya yi kokawa ta biyu, kuma ya san da wa. Mutanen Turba suka ce in aka sake ganin ƙafarsu a garin nan, to bisa kuskure ne.

Maigari kuwa daga rumbun Sarkin Noma aka fito da shi, da ƙaiƙayi a gemu da takalmi ƙafa ɗaya. Bai tsaya karkaɗewa ba ya ce a kai shi wurin Abdulgani. Aka tarar an ciro shi daga rami an kwantar a tabarmar Baba Illo, idon sawu ya kumbura, ana layi a bayansa. Duk garin ya kewaye su.

Abdulgani ya dogara da gwiwar hannu, ya dubi layin masu ciwo, ya dubi Maigari.

"Ranka shi daɗe, ka dai gani da idonka. Dibi yawan masu rauni. Da ƙaramin mataki munka ɗauka, wa za shi iya da wanga jama'a? Ni nis san za a yi hakanga."

Dogari ɗaya ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Baba Illo ya kama ƙafar ya ja, Abdulgani ya kira sunan uwarsa. Tsohon ya jera kara, ya miƙa hannu ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Ƙyalle."

Babu ƙyalle. Malama Zulaihatu ta ƙarar da nata. Wani ya buɗe jakar Abdulgani ko za a dace, sai ya zaro farin rawani, sabo fil, a ninke.

"Wanga a'a!" Abdulgani ya kai hannu. "Na naɗi na! Ranka shi daɗe, hwaɗa musu!"

Maigari ya dubi rawanin, ya cire ƙaiƙayi ɗaya daga gemunsa.

"Illo, ɗaure mai ƙahwa da shi. Iyakar inda za shi kai ke nan."

Abdulgani yana ji yana gani aka kekketa shi gida uku. Wannan ya fi masa jan ƙafar ciwo, har ya kau da kai don kada a ga idonsa.

Saura kai shi gida. Mota ta cika da waɗanda za a duba a asibiti. 'Yan kabu-kabu suka ce ko a mafarki. Ladan ya ce ai makara za ta koma masallaci, gidan Abdulgani kuma a kan hanya yake. Dattawan nan huɗu suka ɗora shi. Ya ga idon jama'a ya yi masa yawa, sai da kansa ya ja zanen ya rufe fuska. Suka ɗauka, na gaba ya ce, "La'ilaha illallahu," maza kuma suka bi baya, don ba su san yadda ake ƙin bi ba.

Hajo ba ta je kallo ba. Tana gida ta ji harbi, ta kulle kanta a ɗaki, daga baya ta ji ta kan katanga ana cewa an ɗauki wani a makara. Tana tsaye a ƙofar zaure tana leƙen hanya sai ga ayari ya karyo kwana. Ta ga zanen gadonta. Ta ga hannun farar riga yana reto. Ta durƙushe a ƙasa, kuka na gaske ya ƙwace mata.

"Wayyo Malam! Wayyo ni Hajo! Mutumin da bai taɓa ɗaga man hannu ba! Bai taɓa barina da yunwa ba, ko shi bai ci ba!"

Dattawan suka so su yi magana, amma daga ƙarƙashin zane aka tsunkuli na kusa. Tun da aka ɗaura musu aure Abdulgani bai taɓa jin irin wannan daga bakinta ba, kuma ba shi da niyyar katse ta. Ya lafe, hawaye na bin gefen kunnensa.

"Allah shi gahwarta ma, Malam! Ba ka da mugunta ko ta ƙwayar gero! Surutu ɗai na! Ko allura ba ka iya ba, bawan Allah, akwati ɗai kaɗ ɗauka..."

Zanen ya yaye. Abdulgani ya ɗago kai.

"Hajo, gaban mutane? Akwatin ga, in ba ni ba, wa yas san yadda aka riƙon shi?"

Kukan ya tsaya cak. Hajo ta dube shi, ta dubi ƙafar da ke ƙunshe da rawani, ta dubi jama'ar da ta cika ƙofar gidanta. Ta miƙe, ta share fuska da bakin zane, ta matsa ta fizge zanen gadonta ta ninke a hammata. Sannan ta juya ga dattawan.

"Baba, tun da kun riga kun ɗauko, ku wuce da shi."